Darbejiyar Uwarku

Na zo wurin da na daɗe ina kewayewa a cikin wannan rubutu. Na ba ku labarin Nguru, na ba ku na shekarun da na yi ina tuƙa tasi, da yadda na buɗe ɗan shagona a Fordham Road a nan Amurka, duk waɗannan cikin sauƙi suka fito. Maganar bishiyar nan kuwa, sau da yawa na ɗauki biro na ajiye. Kai Abba, kai ne babba, kuma na san abin da ka ƙulla a ranka: wai ubanka ya kashe bishiyar uwarka don ya faranta wa wani tsoho da ko sallah ba ya yi. Haka ka gaya wa ƙanwarka, ita kuwa Ummi magana ba ta kwana a cikinta, ta kawo mini da zafinta. Ban musa ba, ni na kashe ta, da hannuna na dama. Amma akwai abin da ba ka sani ba, kuma tunda ni da kai ba ma iya daɗewa muna magana ba mu ɗaga wa juna murya ba, halin da ka kwaso a wurina, gara in rubuta.

Kana ɗan yaye muka tare a gidanmu na unguwar Soundview. Abin da ya sa uwarku Hajara, Allah Ya jiƙanta, ta nace sai wannan gida shi ne ɗan filin da ke baya, siminti duk ya tsattsage, an kewaye shi da shingen waya. Ni shara na gani a wurin, ita kuwa ta ga tsakar gida, kuma da sunan ta kira shi har ta bar duniya. A gidansu na Haɗeja akwai wata ƙatuwar darbejiya a tsakiya, a ƙarƙashinta aka yi mata kitso tana yarinya, a ƙarƙashinta aka sa mata lalle za a kawo mini ita. Wata safiya, bayan sanyinmu na farko a gidan ya wuce, ina shirin fita sai na ji ta ƙwala mini kira kamar ta ga maciji. Na same ta durƙushe a jikin shinge, tana nuna wani ɗan tsiro da ya leƙo ta tsagin siminti.

"Malam, dubi ganyen nan don Allah. Me ka gani?"

Na duba. Ganye ne dogaye masu tsini, sun jeru biyu-biyu a jikin kara. Na ce da ita ai wannan darbejiya ce.

"Wallahi ita ce! Har nan ta biyo ni."

Daga ranar ta mayar da wurin alwalarta gindin tsiron, ni ma ta sa na mayar da nawa, don kada ruwan ya tafi a banza. Za ku ce ta yaya manya biyu, waɗanda suka tashi a inuwar darbejiya, suka kasa gane ba ita ba ce. Ai mun ga alamu. Idan ka murza ganyen, wani wari yake yi kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu a damshi. Muka ce ƙasar Amurka ce ta canza shi, tunda tumatir ɗin nan ma ba shi da ɗanɗanon na gida. Da hunturu ta zubar da ganye tas, muka ce sanyi ne, mu ma da muna da ganye da mun zubar. Kewar gida tana mai da mai hankali wawa, kuma mun yi wautar da son ranmu.

Gaskiya ta fito ne da aka haifi Ummi. Lokacin da aka haife ka uwarku ba ta samu wankan jego yadda ake yi a gida ba, abin kuma ya tsaya mata a rai. Wannan karon ta ce ga darbejiya a tsakar gidanta, babu abin da zai hana. Ni na faffallo rassan, ni na tafasa ruwan a babbar tukunya, ita kuma ta riƙa tsoma ganyen tana fyaɗa wa jikinta safe da yamma. Ba a jima ba fatarta ta yi ja, ƙuraje suka feso mata a baya da hannuwa, ƙaiƙayi ya hana ta sakat. Sai ga Hajiya Rabi, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke zaune a unguwar Tremont, ta zo barka. Ta ɗauki reshe ɗaya ta shinshina, ta gatsa ganyen, ta tofar.

"Wanga icce ba dogon yaro ba na! Ina ɗacin? Ku biyu duk ba ku da hanci? Maza a kai ta lopital."

Da muka dawo daga asibiti raina a ɓace yake, na wuce kai tsaye na aro zarto. Bishiyar a lokacin kaurinta bai wuce cinyata ba. Na kafa zarton ke nan uwarku ta fito, jaririya a kafaɗa, jikinta duk farin magani.

"Malam, ajiye."

Na ce mata bishiyar banza ce, ta yaudare mu, ta kusa sa ki rasa fata.

"Ba ta yaudare mu ba, mu muka sa mata suna. Na san yanzu ba ita ba ce. Amma in na zauna na lumshe ido, inuwar ta gidanmu ce. Ni kaɗai ta cuta, kuma na yafe mata."

Na ajiye zarton. Da cibiyar Ummi ta faɗi, a gindin bishiyar uwarku ta binne ta. Kuka tashi kuna ce mata darbejiyar Mama, ita kuma ba ta taɓa gyara muku ba, ni ma na bar ku. To ka ji abu na farko, Abba: uwarka ta san abin da take shayarwa, kuma da idonta biyu ta zaɓi ta riƙe shi.

Bishiyar ta yi saurin girma kamar ana hura ta, har ta wuce tagar masu hayar sama. A ƙarƙashinta ka haddace Fatiha, kana biya wa da harshenka na 'yan nan, uwarku na dariya tana gyara maka. Nan take soya ƙosai ranar Lahadi, nan matan Tremont suke baje tabarma da sallah. A ɗaya ɓangaren shingen kuwa akwai maƙwabcinmu Migel, tsohon makaniki ɗan Fotoriko, da matarsa Rosa. Rosa ta dasa inabi tun kafin mu zo, ya hau rumfar da Migel ya ƙera mata da bututun ƙarfe. Uwarku ba ta jin Sifaniyanci, Rosa ba ta jin Hausa, Turancinsu su duka biyu gurgu ne, amma sai su tsaya a jikin waya su yi ta hira har abinci ya kama. Kwano ya tsallaka da waina, ya dawo da inabi. Da Rosa ta rasu, uwarku ta daɗe tana miƙa wa tsohon abinci ta saman shingen, kuma duk ranar da na yi ƙorafi sai ta tuna mini haƙƙin maƙwabci, ta ce ba a ce sai mai sallah ba.

Shekarar korona ta tafi da ita. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, ta ƙi zama a gida, ta ce in ba ta je ba wa zai ba su abinci. Motar asibiti ta ɗauke ta daga ƙofar gida, kuma ban sake ganin fuskarta tana numfashi ba. Kai kana Houston wurin aiki. Ni na ce kada ka taso, kuma ko yau aka maimaita haka zan ce, don ba zan iya binne mutum biyu ba. Mu 'yan kaɗan muka kai ta maƙabartar Musulmi a New Jersey, kowa da takunkumi a fuska, an tsaya nesa da juna kamar masu gaba. Da hanya ta buɗe ka zo, na ce ka shirya gobe in kai ka wurinta. Ka ce to. Gari ya waye, na fito da makullin mota, na same ka zaune a gindin bishiyar ka jingina kanka da ita.

"Baba, not today. A nan nake jin ta."

Na bar ka, na ce yaro ne, zuciyarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Har ka koma Houston ba mu je ba. Duk zuwan da ka yi bayan nan, daga filin jirgi gindin bishiyar kake wucewa, ka ɗaga hannu ka yi mata addu'a a nan.

Ana cikin haka wani ƙwaro ya iso gari. Na fara ganinsa a Fordham Road, yara suna binsa da gudu suna tattakewa, iyayensu na tafa musu. Kyakkyawa ne, wallahi, fiffikensa toka-toka da baƙaƙen ɗigo, in ya buɗe sai ka ga ja a ciki kamar an shafa masa jan-baki. Aka ce daga wata ƙasa mai nisa ya shigo cikin kaya, a nan ba shi da mai cin sa sosai, kuma hukuma ta ce duk wanda ya gan shi ya take. Da farko har na yi wa abin dariya, na ce mutanen da ke da jiragen yaƙi sun koma faɗa da fara. Dariyar ba ta daɗe ba. Lokacin zafi bai ƙare ba sai da suka rufe jikin bishiyarmu, tun daga gindi har inda ido ya tsaya, ba ka ganin ɓawo sai fukafukai. Suna tsotsar ruwanta suna zubo da wani abu mai danƙo, kana zaune rana tsaka ka ji yayyafi a kanka. Tabarmar uwarku ta yi baƙi ƙirin da fumfuna, zanzaro da ƙudaje suka cika wurin, ko shanya ba ta yiwuwa.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na take su har tafin takalmina ya riƙa mannewa da ƙasa. Na fesa ruwan sabulu. Da hunturu na hau tsani, da tsufana, ina kankare ƙwansu da suka liƙa a jikin itacen kamar busasshen taɓo, amma wanda ke can sama wa zai kai gare shi? Da zafi ya dawo suka ƙyanƙyashe fiye da na bara, kuma a wannan karon suka tsallaka shinge suka sauka a kan inabin Rosa.

Ummi a lokacin tana aiki da masu kula da lambunan birni, waɗanda ke tuge baƙin ciyayi a bakin kogin Bronx. Wata yamma ta dawo, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon bishiyar, ta ƙi zama.

"Baba, na daɗe da sani ba darbejiya ba ce. Tsoro nake ji in faɗa."

Na ce mata uwarta ta riga ta sani tun ita Ummin tana cikin zanin goyo. Sai ta ci gaba, rabi Hausa rabi Turanci kamar yadda kuka saba.

"Ita ma baƙuwa ce, daga inda ƙwaron ya fito. Ita ya fi so a duk itatuwa. A wurin aiki irinta muke kashewa kullum. In tana nan, duk ƙwarin layin nan a wurinmu za su taru, su ci su ƙoshi, su bazu. Inabi kuma ba ya jure musu, Baba."

Na daka mata tsawa. Na ce cibiyarta na gindin wannan itace, in ba ta da kunya ni ina da ita. Ta shige ɗaki tana kuka, muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ka ce Migel ne ya matsa mini. Allah Shi ne shaida, bakin mutumin nan bai taɓa furta a sare ba. Wata safiya na fito alwala, na hango shi a ƙarƙashin rumfar Rosa da wata kwalba a hannu. Yana tsince ƙwarin ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa, in ya kama ɗaya goma su yi tsalle su koma wani reshe. Ganyen inabin ya yi baƙi ya lanƙwashe, 'ya'yan sun ƙanƙance. Yana yi yana yi wa kurangar magana a hankali da yarensu, yadda ake lallashin mara lafiya. Da ya ɗago ya gan ni sai ya yi murmushi, ya ɗaga mini hannu, ya ce da ɗan Turancinsa:

"Ba komai, Isa. Ba laifinka ba ne. Na san ta Hajara ce."

Na koma ciki ban yi alwalar ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne kakanku, wanda ka ci sunansa. Na gaya muku masunci ne kuma manomin shinkafa a bakin ruwan Nguru, amma ban gaya muku yadda ya ƙare ba. Wata ciyawa ce, kacala, doguwa mai kai kamar gero. Da ta fara yawa a bakin ruwa kowa ya raina ta. Wannan ya ce tasa 'yar kaɗan ce, wancan ya ce yana yin jinka da ita. Kafin a farga ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya wucewa, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe, tsuntsayen jan-baki suka samu wurin kwana a cikinta suna cinye ɗan abin da ya rage. Zuwana na ƙarshe kafin in bar ƙasar, na same shi zaune a kan kifaffen kwalekwalensa, yana kallon ciyawa a inda ya saba jefa koma. Bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi:

"Da kowa ya yanke ta ƙofarsa tun tana ƙarama."

Shekaru na yi ina jin haushin mutanen da suka bar tasu. Ranar nan na gane kowannensu yana da dalilinsa, kuma watakila dalilin wani ya kai nawa nauyi. Sai maganar uwarku ta dawo mini. Ta ce ita kaɗai aka cuta, ta yafe. Fatarta ce, tana da ikon yafewa. Ni ba ni da ikon yafe wa bishiya a madadin Migel, kuma macen da ta yi ta miƙa masa tuwo ta saman waya ba za ta zauna a inuwa tana kallon abin Rosa yana mutuwa ba. Wannan na san shi kamar yadda na san sunana.

Ban yi a ɓoye ba, ka tuna. Na kira ka na gaya maka. Na so in ba ka labarin wankan jegon da na kakanka, ba ka bar ni na kai ko rabi ba.

"Invasive! Baƙuwa mai mamaye wuri! Haka suke ce mana mu ma, Baba. Ta zo ba a gayyace ta ba, shi ne laifinta? In ka taɓa ta, ba zan ƙara kwana a gidan nan ba."

Na ce kai ba ƙwaro ba ne, ba ka tsotse jinin kowa ba, kada ka haɗa mini ɗan Adam da itace. Na ƙara da wasu maganganun masu zafi, kai ma ka ƙara, ka kashe wayar.

Ummi ta ce ba a fara ta da zarto, in aka sare ta da ranta saiwoyin za su feso 'ya'ya ko'ina har cikin gidajen maƙwabta. Sai an sassara jikinta a kewaye, a ɗiga magani a cikin saran, ya bi ruwan jikinta ya sauka ƙasa. A ƙarshen lokacin zafi muka yi, bayan la'asar. Ita ta riƙe kwalbar maganin, ni da ɗan gatari. Saran farko da na yi, warin ƙuli-ƙulin nan ya taso, sai na ga uwarku a ƙofar kicin da farin magani a jikinta. Ummi ta kau da fuska har maganin na zuba a ƙasa. Na karɓi kwalbar na ce ta shiga ciki, na ƙarasa ni kaɗai, ina yi hawaye na zuba a gemuna. Da sara ɗaya za ta faɗi da ya fi mini sauƙi. Makonni ta yi tana mutuwa a gaban idona, ganyen ya yi rawaya tun lokacinsa bai yi ba, yana zuba ina sharewa. Kafin ƙanƙara ta sauka masu injin yanka suka zo suka gutsuttsura ta. Da suka tafi haske ya cika kicin ɗin, irin hasken da ban taɓa gani a ciki ba, na kasa cin abinci a wurin.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na ceci wani abu ba. Da sanyi ya wuce, inabin Rosa bai fitar da ganye ko ɗaya ba, ashe ya riga ya galabaita. Migel ya kwance rumfar da hannunsa, bai daɗe ba 'yarsa ta zo ta tafi da shi Florida. Ƙwarin sun ragu a layinmu, amma suna nan a gari, bana ma na take wasu a ƙofar shago. Kai kuma ka cika maganarka. Kana zuwa da matarka da ɗanka, ka durƙusa ka gaishe ni a falo, ka sauka a otal. Jikana bai taɓa taka tsakar gidan kakarsa ba. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kana ganin sau ɗaya na kashe ta na huta. Maganin bai kai ga duk saiwoyin ba. Duk shekara in sanyi ya tafi sai 'yan tsirrai su leƙo ta tsagin siminti, da ganyen nan biyu-biyu, sak wanda ta kira ni in gani. Sai in durƙusa da gwiwoyin nan nawa in tuge su, warin ya wuni a hannuna. Alwala ma na mayar da ita banɗaki, don kada ruwana ya shayar da su.

Abba, uwarka ba ta cikin itace. Tana New Jersey, can ƙarshen maƙabartar, kusa da shinge, kanta da wani ɗan allo da ruwan sama ya fara cinye rubutunsa. Ni kaɗai nake zuwa, kuma a cikin mutanen da muka kai ta, wasu sun koma gida, wasu sun bi ta. Likita ya ce idona na hagu ya tafi, na daman ma ba zai bar ni in daɗe ina tuƙi ba. Ba na roƙonka ka kwana a gidana, ba na roƙonka ka ce na yi daidai. Ka zo in kai ka ka ga wurin, tun ina gane hanya.